Bindigar da Aka Ce Ta Je Giginya: Yadda Wani Gida a Sakkwato Ya Bi Diddigin Gadonsa

Asalin lamarin

A watan Rajab wani dattijo ya rasu a cikin tsohon garin Sakkwato, ya bar mata biyu, 'ya'ya goma sha ɗaya, gidan da yake ciki, da gona a fadama. Da aka zo fitar da kayan turakarsa sai ga doguwar bindigar toka mai ƙanƙara, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, jingine a bayan adaka. Tsawon bututunta inci 42, cikinsa sumul babu tsaga. An naɗe gindin bututun da jar fata mai faɗin tafin hannu, an ɗinke layu biyu a jikinta. Babu wanda ya yi mamakin ganinta. Duk yaran gidan da ita suka buɗe ido, kuma da labari ɗaya suka tashi: kakan mamacin ne ya riƙe ta ranar Giginya.

Ranar 15 ga Maris 1903, tsakiyar Zulhajji 1320, rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta gamu da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, bayan ganuwar birni. Kano ta riga ta faɗi tun 3 ga Fabrairu. Turawa na da igwa da bindigar Maxim mai ruwan harsashi, mutanen Sakkwato kuwa yawancinsu takobi ne da mashi da baka. Kafin rana ta take an watse. Attahiru ya yi gabas da waɗanda suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Duk gidan da yake da wani abu da ya halarci wannan rana, ko tsumman riga ne, ba ya ɗaukarsa da wasa.

Malamin da zai raba gadon ya ce kowane abu sai an yi masa ƙima, har da bindigar. Kafin a kai ga haka labari ya riga ya fita. Wani dillalin kayan gargajiya ya zo gaisuwar ta'aziyya, ya sake dawowa bayan kwana uku da tayi: naira miliyan huɗu idan akwai shaidar ta je Giginya, dubu ɗari da hamsin idan babu. Ya ce mai sayen yana ƙetare, kayan za su bi ta Illela zuwa Ƙonni. Babban ɗan mamacin, wanda bashin jinya da ɗawainiyar ƙanne mata uku ke wuyansa, ya so a sallama. Ɗa na uku, malamin da ke koyar da hadisi a wata makarantar sakandare, ya roƙi a ba shi wata huɗu ya bincika, a raba sauran dukiyar a bar bindigar tukuna. A nan za a riƙa kiransu Yaya da Malam, kamar yadda ake kiransu a gidan.

Ƙarshen Rajab: kallon ido da gugar ƙarfe

Abin da aka fara yi shi ne kiran waɗanda suka san bindiga. Tsofaffin maharba biyu suka zo, suka jinjina ta, suka shinshina bakinta, suka ja kunama. Dukkansu sun ce ta tsufa, kuma ƙarfen na Turawa ne, ba ƙirar gida ba. Da Malam ya tambaye su shekarunta, ɗaya ya ce ɗari, ɗaya ya ce ta haura ɗari biyu. Maharbi ya san bindigar da za ta tashi da wadda za ta fashe a hannu, amma sanin shekarar ƙira wani fanni ne daban.

A jikin farantin da kunama take akwai alamun rubutu da tsatsa ta rufe. Wani ƙanensu, don ya taimaka, ya ɗauki samfefa da ruwan batir ya goge wurin cikin dare ba da sanin kowa ba. Da safe farantin ya yi fari tas, ga hoton kambi a tsakiya, ga kalmar TOWER a wutsiya. Gida ya ɗauki murna. Wani maƙwabci da ya yi karatu a Ingila ya ce ai wannan sunan hasumiyar Landan ne, inda gwamnatin Ingila take tara makamanta a da, kuma sojojinta sun bar bindiga mai ƙanƙara tun wajen 1840. Kafin azahar magana ta wuce Giginya, an fara cewa wataƙila ma ta ga yaƙin jihadi na Tafkin Kwatto a 1804.

Maƙwabcin bai yi ƙarya ba a abin da ya faɗa, sai dai lissafin bai cika ba. Bindigar gwamnatin Ingila ta wancan zamani tana da haruffan sarki, GR, a ƙarƙashin kambin, da kuma 'yar alamar kan kibiya da ke nuna mallakar gwamnati. Wannan ba ta da ko ɗaya. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liege a Beljiyam sun daɗe suna buga kambi da TOWER a kan bindigogin kasuwa masu araha da ake kawowa Afirka ta Yamma, domin masu saye sun saba da alamar, ita suke nema. Sannan kasancewarta mai ƙanƙara ba ya nuna tsufa a wannan yanki. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta tsaurara shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma ta bar ƙofa ga mai ƙanƙara maras tsaga da albarushin kasuwa. Saboda haka aka ci gaba da ƙera irinta musamman dominmu, shekaru da dama cikin ƙarni na 20, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita.

Zancen Tafkin Kwatto bai yi nisa ba. Yaƙoƙin jihadi da baka da doki aka yi su. Ko Clapperton, Baturen da ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824 ya kuma dawo a 1826, da ya bi rundunar da ta fita yaƙar Gobirawa, dubban mahaya da dakaru ya gani, bindigogi kuwa 'yan ƙalilan.

Abin da gugar ta bari shi ne ɓarna. Samfefa ta cinye gefunan haruffan, ta yadda ba a iya gane ko da hatimi aka buga su lokaci guda ko da hannu aka sassaƙa, ruwan batir kuma ya bar ƙananan ramuka. Baƙin da shekaru suka shimfiɗa a kan ƙarfen, wanda masu sayen irin waɗannan kaya suke dubawa kafin komai, ya tafi ke nan.

Sha'aban: takardar ajami

Mako uku bayan haka dillalin ya dawo da abin da ya kira ƙarshen magana. Falle ɗaya ne na tsohuwar takarda, layi bakwai na ajami, wai ya samo ta wurin jikan wani magatakarda. Ta ambaci kakan mamacin, ta ce ya fita da bindigarsa cikin mutanen Marafa Maiturare ranar da Nasara suka zo, ta kuma sa shekarar 1320. Marafa Maiturare kuwa da gaske ya jagoranci wani ɓangare na rundunar a wannan rana, kuma shi ne ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. Shekarar ma daidai take. Yaya ya ce ai shi ke nan.

Malam ya karɓi aron takardar na kwana biyar. Ya fara zuwa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya ƙare wa tsofaffin rubuce-rubucen hannu kallo don idonsa ya saba, sannan ya kai ta wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin adana littattafan malaman Sakkwato. Dattijon ya ɗaga ta sama ya sa rana a bayanta. Sai ga jinjirin wata uku jere a cikin jikin takardar, alamar masu yin takarda na arewacin Italiya, wadda ta cika littattafan ƙasar Hausa na ƙarni na 19. Takardar dai tsohuwa ce, babu shakka.

Daga nan ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya nuna wa Malam ramukan gara guda huɗu da ke tsakiyar fallen. Idan an yi rubutu sannan gara ta ci, tana cin harafi ne yadda ta ci fili, a bar mai karatu da ƙoƙarin cike gurbi. A nan kuwa babu harafi ɗaya da ya gutsure. A layi na uku marubucin ya tsallake rami ya ci gaba da kalmarsa a ɗaya gefen. A layi na biyar ya matse haruffa biyu don kada su faɗa ciki. A bakin rami ɗaya tawada ta gangara ta jiƙa kaurin takardar. Wanda ya yi rubutun yana ganin ramukan lokacin da yake yi. Fallen da ba a rubuta komai a kansa ba yana da sauƙin samu a ƙarshen tsofaffin littattafai, an yage ne aka yi amfani da shi.

Akwai wani abu kuma da dattijon ba zai iya gani ba, sai ɗan gida. Takardar ta kira kakan da laƙabin da jikokinsa suka sa masa bayan ya tsufa. A 1903 saurayi ne, ko ɗan fari bai samu ba. Wannan laƙabi a zauren gidan dillalin ya ji shi, ranar ta'aziyya.

Da Malam ya mayar masa da takardar ya faɗa masa abin da aka gani, dillalin bai musa ba, bai kuma amsa ba. Cewa ya yi: "Allah gafarta Malam, ku dai ku yi kurum. Mai saye bai san Giginya ba, bai san Burmi ba, takarda ta ishe shi." Malam ya ɗauki hotonta gaba da baya da wayarsa kafin ya miƙa.

Faɗuwar takardar ba ta taɓa labarin gidan ba. Ana iya yi wa gaskiya shaidar zur. Yaya ya riƙe wannan hujja, kuma yana da gaskiya.

Azumi: wa ya faɗa maka?

Da azumi ya kama, Malam ya koma ga abin da ya fi sani. Ya ɗauki labarin kamar ruwayar da ake son a san ingancinta, ya riƙa bin 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, bayan asham, da tambaya biyu: wa ya faɗa maka, kuma da wane lafazi? Ya hana a yi zaman taro, domin a taro kowa na gyara maganarsa ta dace da ta babba.

Su goma sha ɗayan duk daga mahaifinsu suka ji. Matan biyu ma daga gare shi suka ji. Baki goma sha uku ke nan, amma hanya ɗaya ce tak. Mamacin kuma daga nasa mahaifin ya ji, wanda yakan fito da bindigar duk jajibirin sallah ya zauna a zaure yana shafa mata mai, yara na kewaye da shi, yana ba su labarin yadda tsohonsa ya tsira a Giginya. Malam ya matsa wa waɗanda suka fi riƙe lafazin. Babu wanda ya iya cewa ya ji an ce "da wannan bindiga". Abin da suka tuna shi ne labarin Giginya, da bindiga a kan cinya.

Sai ya tafi wurin yayar mahaifinsu, wadda ta haura tamanin da biyar, tana zaune gidan ɗanta a wajen Ƙofar Kware. Tun da aka fara wannan magana babu wanda ya tambaye ta komai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nemi izini ya kunna rikodar wayarsa, ya ce: "Gwaggo, bindigar Baba, me kika sani game da ita?"

Ta ce: "Ɗana, ni ban ga Giginya ba, Inna ma ba ta gani ba. Amma Inna ta ce tana amarya anka kawo bindigag ga, zamanin Sarkin Musulmi Hassan. Tsoho kau da baka da kwari yat tahi yaƙin Nasara. Ni da idona na ga tabon harsashi ga cinyatai, mu munka riƙa kai mai ruwan zahi in sanyi ya taso mai da shi."

Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938. Malam ya raba maganar Gwaggo gida biyu a littafinsa: tabon, wanda ta gani da idonta, da zuwan bindigar, wanda ta ji daga wadda ta gani. Ya tambaye ta kwarin. Ta ce gara ta cinye shi tun zamanin Sardauna, aka zubar.

Kafin sallah ya sami hanya ta biyu wadda ba ta bi ta gidansu ba. Wani tsoho a unguwar, wanda mahaifinsa yana cikin 'yan bindigar wani hakimi, ya ce ya sha jin mahaifinsa na cewa lokaci guda aka saya musu bindigogi, shi da tsohon gidan su Malam, don hawan sallah, daga kantin Turawa. Bai san shekara ba. Amma zamanin ya yi daidai da lokacin da kayan kanti suka yawaita a wannan yanki, bayan layin dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a 1929.

Yaya bai gamsu ba. Ya ce tsufa na rikita tunani, kuma maganar tsofaffi biyu ba za ta ture abin da mahaifinsu ya mutu yana faɗa ba.

Shawwal: maƙeri ya zo gida

Malam ya so ya ɗauki bindigar zuwa Maƙera Assada, mai unguwa ya hana. A halin da gabashin jihar yake ciki, mutum ya ratsa gari da bindiga naɗe a buhu, ko ta shekara nawa ce, neman fitina ne. Dokar makamai ta 1959 ma ta sa bindiga mai ƙanƙara cikin rukunin masu ɗuri ta baki, waɗanda sha'anin izininsu yake hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Sai aka ɗauko wani tsohon maƙeri da ya gaji gyaran bindigogin maharba, ya zo gida.

Bai kalli rubutu ba. Ya juya bakin bindigar ga bangon ƙasa, ya zura sandar ɗuri har ta tsaya, ya sa babban yatsa daidai baki, ya zaro, ya shimfiɗa sandar a bayan bututun. Ƙarshenta bai kai 'yar hudar wuta ba, saura inci biyu da rabi. Ya ce kowa ya fita daga zauren. Bindigar a ɗure take. Albarushi irin na da, muddin bai jiƙe ba, yana iya tashi bayan shekaru masu yawa, ga shi wata uku ana jan kunamarta ana leƙa bakinta. Ya cika bututun da ruwa ya bar shi ya kwana, washegari ya zaro abin da ke ciki: tsumma, baƙin albarushi da ya zama taɓo, da 'ya'yan boris na keke guda shida. Wannan ya nuna lokacin ɗurin ƙarshe ne kawai, bai ce komai ba game da shekarar ƙira.

Sannan ya bi ta gaɓa-gaɓa. Ƙotar maɗaci ce, icen gida, ga sawun gizago a cikin kwarmin da bututun yake kwance. Bindigogin kanti da icen Turai suke zuwa, to wannan an sake mata ƙota ke nan a nan gida. Babban sifirin ɗin kunama shi ma ƙirar gida ne, ya ce daga sifirin ɗin mota aka yanko shi. Sukuru biyu cikin biyar sababbi ne. Ya ce: "Allah gafarta Malam, bindiga awa hauya ta. Ƙota ta karye a sake, ruwa ya cinye a sake, mai ita kau yana nan yana cewa hauyar kakana."

Daga wannan rana tambayar ta canja. Aka daina cewa shekarun bindigar nawa, aka koma tambayar kowane sashe nasa shekarun. Saura bututu, kuma wurin da masu ƙira suke buga hatimi yana ƙarƙashin jar fatar nan.

Mako biyu bayan haka: abin da ke ƙarƙashin fata

Cire fatar ya ɗauki kwana goma ana shawara, saboda layun. Ƙarshe Gwaggo ce ta yanke: a cire, amma kada a buɗe laya, a kuma mayar da komai yadda yake. Aka kira baduku ya warware ɗinkin zare-zare da basilla, bai yanka ko'ina ba. Maharba kan naɗe wannan wuri da ɗanyar fata don ta kame bututun idan ya so tsagewa. A nan ta yi wani amfanin kuma, ta tsare ƙarfen daga hannu da raɓa. Wannan karon ba a kawo samfefa kusa ba. Kananzir ne da tsumma mai laushi da tsinken ice.

A Ingila doka ce a gwada bututun bindiga kafin a sayar. Gidan gwaji na Birmingham, wanda aka kafa a 1813 kuma yana aiki har yau, yakan ɗura wa bututu albarushin da ya fi ƙima a harba, idan bai fashe ba a buga masa hatimi. Hatiman sun riƙa canjawa, an kuma san shekarar kowane canji. Daga 1813 zuwa 1904 alamar ita ce sandunan sarauta biyu a gicciye da kambi a sama, ɗaya hatimin da haruffan B, P da C, ɗayan da V. Daga 1904 aka koma kambi a kan BP da kambi a kan BV, ba sanduna, har zuwa 1954. Wani malamin tarihi a jami'a ne ya samo wa Malam jadawalin.

Hatimi na farko da ya bayyana kambi ne da BP. Malam bai yi saurin yanke hukunci ba, domin akwai wani hatimin gwajin farko, kambi a kan B da P masu lanƙwasa a sarƙe da juna, da ake bugawa tun tsakiyar ƙarni na 19. A ƙarfen da ya sha shekaru ana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Suka rufe ƙofar zauren ya yi duhu, suka kwantar da tocila a gefen bututun ta yadda haske zai shafi ƙarfen a kaikaice, kowane ɗan rami ya yi inuwa. Haruffan a miƙe suke, a rabe. Rabin inci gaba da shi, ƙarƙashin busasshen mai, hatimi na biyu ya fito: kambi, B, V. Babu sanduna ko'ina. Suka ɗora farar takarda marar kauri suka goga fensir, suka ɗauki hoto da ma'auni a gefe.

Bututun da aka gwada a Birmingham a 1904 ko bayanta ba zai kasance a Giginya a Maris 1903 ba.

Yaya ya kawo hanzari biyu, dukkansu masu ma'ana. Na farko, ko tsohon bututu ne aka sake gwadawa daga baya? Idan haka ne da an ga tsohon hatimi kusa da sabo, kuma sai bututun ya koma Ingila ya dawo, abin da babu wanda ya taɓa faɗa. Na biyu, ko bututun ne aka sake, farantin kunama kuwa shi ne ya je yaƙin? Maƙerin ne ya amsa wannan. Ya kwance farantin ya nuna musu zane huɗu da aka yi da zarto a gefensa na ciki, ya juya bututun ya nuna zane huɗu iri ɗaya a cikinsa na ƙasa. Masu haɗa bindigogi da yawa a lokaci guda sukan yi wannan alama don kada sassan wata su shiga na wata. Farantin da bututun tare suka fito daga hannu ɗaya.

Zulƙida: rabo

Malam ya kai wa malamin rabon gado abin da aka samu, a gaban magada. Ya ƙara da cewa ko da labarin ya tabbata, cinikin da dillalin ya kawo ba mai yiwuwa ba ne ta hanyar halal. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba da izininta ba, ta kuma taƙaita sayensu ga waɗanda ta amince wa. Bi da bindiga ta Illela a ɓoye laifi biyu ne a haɗe. Malamin rabon gadon ya ce sayar da ita da sunan Giginya bayan an san abin da aka sani ha'inci ne, kuɗin ba za su shiga gado ba.

Aka yi mata ƙimar dubu ɗari da hamsin, ta faɗa cikin rabon Malam bisa yardar kowa. Bashin jinya kuwa sai da aka sayar da wani yanki na gonar fadama aka biya. Yaya ya yi wata biyu ba ya zama inda Malam yake. Baduku ya mayar da fatar da layunta. Ta hannun mai unguwa aka sanar da 'yan sanda cewa bindigar tana gidan.

Malam ya rubuta shafi biyu, ya raba su gida uku: abin da ƙarfe ya nuna, abin da shaidu suka faɗa tare da wanda kowa ya ji daga gare shi, da abin da aka bincika aka watsar. Ya haɗa da hotunan hatiman da na takardar dillali. Magada shida da maƙerin da mai unguwa suka sa hannu, aka ba kowane ɗaki kwafi.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

A ganina hatimin BV ne ya rufe maganar, amma bai kamata a ɗora masa fiye da abin da ya faɗa ba. Cewa ya yi bututun bai riga 1904 ba. Da a ce sanduna biyu aka gani, da abin da za a iya cewa kawai shi ne bindigar tana duniya lokacin yaƙin, kamar dubban irinta, ba cewa ta halarta ba. Wanda ya sa ta a zamaninta na gaskiya, ya kuma ce ga dalilin da aka saye ta, Gwaggo ce da tsohon unguwa, hanyoyi biyu da ba su haɗu ba. Ƙarfen ya gaskata su ne. Kuma Gwaggon ce ta tsayar da abin da gidan ya fi damuwa da shi, wato cewa tsohon ya tsaya a Giginya, da shaidar ido a kan tabonsa. Wannan ya fi ƙarfi yanzu fiye da lokacin da yake rataye a jikin bindiga.

Kallon maharba bai yi aiki ba saboda an yi musu tambayar da ba tasu ba. Kalmar TOWER ta ruɗi gidan saboda an karanta alama ɗaya an bar sauran. Takardar ta kusa wucewa saboda an yi ta da ilimi, takarda ta gaske, shekara ta gaske, sunan jagora na gaske, kuma ta zo wa mutanen da bashi ya matsa. Ban ga laifin Yaya ba a son ta zama gaskiya.

Jerin aikin ne yake a juye. Sandar ɗuri ya kamata ta shiga bututun nan ranar da aka fito da bindigar daga turaka, kafin yaro ko babba ya taɓa kunama. Gwaggo ya kamata a fara tambaya tun makon ta'aziyya, ba bayan wata biyu ba, domin mai shekara tamanin da biyar ba a ajiye tambayarta sai an ga dama. Da an yi waɗannan biyun, da farantin bai gamu da samfefa ba.

Mayar wa dillali takardarsa ya zama dole tunda aro ce, amma shi ne abin da ya fi damuna a cikin lamarin duka. Tana nan a hannunsa da sunan kakan gidan a jiki, ba ta kuma bayyana kamannin bindigar da take nufi ba, ko tsawo ko alama, don haka kowace bindigar toka za ta iya shiga ƙarƙashinta. Saboda wannan ne Malam ya kai wa dattijon nan mai adana littattafai da malamin tarihin jami'a kwafin shafukansa biyu da hotunan ramukan garar, domin irin su ne ake kai wa takarda a duba idan ta sake fitowa.